Dokin da Na Kai Makka Cikin Garin Kuka

Tun da na dawo daga Umara bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini barka da sauka, da ta karɓi dabinonta ta kurɓi zamzam, sai ta gyara zama ta ce, "To Hajiya Asabe, ashe doki kika kai Makka?" Aikin Hajiya Talatu ne, maƙwabciyata da muka tafi tare. Ta riga ni baza labarin, kuma a bakinta dokin har haniniya ya yi a filin jirgin Jidda. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru, ku huta, ni ma in huta.

Ina da kawu a Makka, Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Ya haura shekara arba'in a can. Ya yi tuƙin motar kaya har ƙarfi ya ƙare, yanzu yana zaune a unguwar Rusaifa da matarsa Inna Zahra, Bahaushiyar Sudan. Amma da ƙuruciyarsa aikin barga ya yi a nan Kano, a gidan wani attajiri mai dawakin sukuwa. Saura mako biyu mu tashi ya kira ni a waya. Ba mu ko gama gaisawa ba ya rage murya.

"Asabe, da wani kusa da ke?"

"Ni kaɗai ce, Kawu."

"Ki je Fagge wurin abokina Malam Ila, zai ba ki saƙo. Kada Innarki ta ji."

"Saƙon mene ne?"

"Na alheri ne," ya ce, ya kashe wayar.

Washegari Inna Zahra ta kira da nata saƙon: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da yaji mai citta da yawa. Ita ba ta rage murya ba.

A wurin bitar maniyyata an ja mana kunne sosai, kada kowa ya karɓi ƙunshin da bai ga cikinsa ba, ko da na uwar da ta haife shi ne. Don haka da Malam Ila ya miƙo mini abu naɗe cikin tsohon rawani, na ce sai an kwance a gabana. Tsoho ne siriri, ƙafafunsa sun yi baka irin na wanda ya tsufa a kan sirdi. Ya warware a hankali, sai ga doki. Na icce ne, tsawonsa bai fi daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, baƙi wuluk, da fari a goshi da fari a ƙafar gaba ta dama, wutsiyarsa kuma gashin doki ne na gaske.

"Hadarin Gabas ke nan," in ji Malam Ila. "Zamaninmu ran da zai yi gudu, mahauta ma rufe teburi suke yi su tafi filin sukuwa. Ni nake hawansa, kawunki ke wanke shi. Hoto ɗaya ya rage mini, da shi na zauna a kan mai sassaƙa wata biyu har ya fitar da shi."

Na ce, "To Malam, me Kawu zai yi da dokin icce a Makka?"

Ya yi dariya har da tari. "Ashe ba ki san kawunki ba."

A gida na rasa inda zan sa shi kada ƙafa ta karye. Sai dabara ta zo mini: na samo bokitin roba mai murfi, na zuba garin kuka, na binne dokin a tsakiya, na jera daddawa a sama. A lokacin har yaba wa kaina na yi.

Tafiyar jirgi ba ta da wani labari sai na Hajiya Talatu, wadda ba ta taɓa hawa ba. Tun muna saman Kano take tambayar ma'aikaciyar jirgin ko an iso inda ake ɗaura niyya. Ta tambaya ya fi sau biyar. Da aka zo wurin da gaske aka yi sanarwa, barci take da baki buɗe, sai da na zungure ta.

A Jidda kayana suka shiga na'urar duba kaya, sai na ga ma'aikacin ya tsayar da ita ya kira na kusa da shi. Na leƙa allon. Ga doki nan ƙafafu a sama, cikin wani abu kamar hadari. Aka ce in matso gefe. Na waiga neman Hajiya Talatu, na gan ta can ta ba ni baya tana karatun wani allo da Larabci, ita da ko sunanta ba ta iya karantawa da Larabci.

Larabcina na salla ne, don haka aka yafuto wani dattijo ɗan Maraɗi mai tura keken marasa ƙarfi, ya yi mana tafinta. Ma'aikacin ya buɗe murfin, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya taku biyu.

"Ya ce wannan koren garin mine na?" in ji ɗan Maraɗin.

"Miya ce."

Sai a lokacin na gane ba dokin ne babbar matsalata ba. Mace ta sauka daga Kano da koren gari cike da bokiti, an binne abu a ciki. Gumi ya karyo mini. Allah ya taimake ni ɗan Maraɗin ya ɗebi kukar ya lasa a gabansu, ya yi musu dogon bayani, na ji yana ta ambaton mulukiya, wata miyarsu mai yauƙi. Ma'aikacin ya sa safar hannu ya tono dokin, ya ƙwanƙwasa cikinsa ya ji ba rami.

"Ya ce abin wasan yara na?"

Har na buɗe baki zan ce e, sai na tuna ina cikin ihrami, ƙarya ba ta kamace ni ba. Na ce, "Ka ce masa na yaro ne, amma yaron ya haura saba'in."

Mutumin ya yi dariya har ya dafa teburi. Ya juya dokin, ya duba ƙafafu kamar mai shirin saye. Ɗan Maraɗin ya ce, "Ya ce wuyan ya yi gajarta, amma ƙirjin na dokin gudu na. Ya ce tsohonsa ma haka yake, sai dai shi raƙuma ka damunai." Ya mayar da shi cikin kukar da hannunsa, ya rufe. Muna fita Hajiya Talatu ta matso ta kama hannuna, wai tun ɗazu addu'a take yi mini.

Masaukinmu a Aziziyya yake, mu huɗu a ɗaki, hawa na tara. Muka ajiye kaya muka hau bas zuwa Harami. Wannan ba abin da zan yi wasa da shi ba ne. Na yi shekaru ina tara addu'o'in da zan yi in na ga Ka'aba, da na gan ta ko ɗaya ban tuna ba, sai sunan mahaifiyata da nake ta maimaitawa ina kuka. Muka yi ɗawafi, muka yi sa'ayi, muka rage gashi, muka koma ƙafafu a kumbure.

Mun buɗe ƙofar ɗaki ke nan muka tarar na'urar sanyi ta kwashi warin daddawa ta raba wa hawa na tara kaf. Wasu mata 'yan Indunusiya da ke kusa da mu suna tsaye a baranda da hanci a toshe, suna yi mana murmushin ladabi. Mai shara ya zo ya duba bayan gida, ya duba ƙarƙashin gado, yana neman abin da ya mutu. Na naɗe bokitin da leda uku na tura shi cikin kabad, na zauna ina taya su mamaki.

Abinci kuwa, da safe wake ne dakakke da suke kira ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis, wanda zai iya rufe faifai. Da rana shinkafa da rago, an zuba a tire kamar za a ciyar da unguwa, amma ba yaji ko na magani. Hajiya Talatu ta ce abincin masu jinya ne. Rana ta biyu muka bi ƙamshi har wani lungu, muka tarar da mai tsire, da ƙuliƙulinsa da albasarsa, Larabawa sun yi layi. Sirye suke ce masa. Mai tsiren jikan Sakkwatawa ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa za a sa" ba, amma hannunsa bai manta gida ba. Wani abin da ya ba ni mamaki, maza ne ke cefane. Za ki ga ƙato da farar jallabiya yana matsa tumatir yana waya da matarsa. Na ɗauki hoton wani daga nesa don in nuna wa maigidana Alhaji.

Rana ta uku bayan azahar na ɗauki bokitina na hau tasi zuwa Rusaifa. Tun daga bakin layi na hango Kawu tsaye da sanda, yana waige-waige kamar wanda ya zo karɓar kayan sata. Shekara goma sha ɗaya rabona da shi. Na durƙusa zan gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau, lafiya lau, yana ina?"

"Yana cikin kuka."

"Kukar wa?"

"Ta Inna."

Ya dafe kai. Nan a bakin titi ya yi mini bayanin da ya kamata ya yi tun a waya. Shekara ashirin yana tara 'yan gumakan dawaki, kowanne siffar wani shahararren doki ne da ya taɓa rayuwa. Inna Zahra kuma ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da siffofi. Ni ba malama ba ce, ba zan yi muku fatawa ba. Sulhun da suka yi shi ne dawakin su zauna a wani ɗan ɗaki a saman bene inda ba a salla, kuma ba ƙari. Ashirin da uku ne, duk Juma'a sai ta hau ta duba. Wanda ta kama ya shigo a ɓoye, hukuncinsa yanke kai.

"Ki biyo ni a hankali," ya ce. "A matakala za mu tono shi, in sa a jallabiya in haye sama, ke ki ƙwanƙwasa ƙofa."

Mun taka matakala uku ke nan ƙofa ta buɗe. Inna Zahra ce, doguwa, naɗe da lafaya ruwan toka. Ashe tana taga tun saukata daga tasi.

"Ahlan, ahlan ya binti! Kin sha hanya. Wannan kayana ne? Hati, kawo." Ta rungume ni da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya riga ya kama mariƙin bokitin. "Yau miyar kuka za mu sha. Ya Saleh, kai ta sama ta ga gumakanka kafin in gama, na san cikinka na ƙaiƙayi."

Haka muka hau sama ba bokiti, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Amma ɗakin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Kabad ne na gilashi, dawakai jere a ciki, ba na icce ba, na wata roba mai tauri da sheƙi, har jijiyoyin wuya ana gani. Kowanne da kwalinsa a ajiye da 'yar takarda mai tarihinsa. Wasu a Jidda ya saya, wasu 'yarsa ta yi masa odarsu ta waya, wani kuma musaya ya yi da wani Bature Musulmi da ya taɓa ɗauka a mota. Da ya fara magana sai tsoron ya sake shi. Ga wani fari na Larabawa mai lotsattsen hanci da ya ci gasar kyau. Ga wani ja na Turawa da ya ce ya tsere wa na biyu har mahayin ya waiwaya yana neman sauran. Ga wata goɗiya da ba a taɓa wuce ta ba sai a gudunta na ƙarshe. Yana faɗa yana share su da burushin hoda na mata.

A can ƙarshen layi akwai wani mai ruwan ƙasa, tsaye ƙyam, ba kai.

"Shi ne na ashirin da huɗu," ya ce. Ya jawo gwangwanin shayi ya buɗe, ga kan a kwance cikin auduga. Ya rufe, ya zauna a kan kujera. "Duk waɗannan a takarda na san su, Asabe. Kamfani ba zai taɓa yin Hadarin Gabas namu ba, wa ya san shi? Shi kaɗai ne na taɓa da hannuna. Ni kuma na san ba zan sake ganin Kano ba, ƙafafun nan ba za su kai ni ba. Na ce ko sau ɗaya in sake ganin fuskarsa."

Sai murya ta taso daga ƙasa, har gilashin kabad ya amsa.

"Ya Saleh! Ku sauko!"

Mun same ta a kicin zaune a kan 'yar kujera. Dokin na tsaye a kan tire, kore shar da kuka tun daga kunne har kofato. Kusa da shi albasa ce da wuƙa.

Kawu ya dube ni, ya tattaro duk mamakin duniya ya sa a fuska. "Asabe! Me ya kawo doki cikin kuka?"

Jama'a, mutumin da na sha gumi a Jidda dominsa. Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah, a Makka muke."

Inna ba ta kula mu ba. Ta ɗauki dokin da hannun hagu, ta kama bakin lafayarta ta goge wuyan, daidai inda wuƙa za ta bi. Baƙi ya fito. Ta ƙara gogewa zuwa goshi, farin ya fito. Sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallonsa, tukunya na tafasa a bayanta ba wanda ya motsa.

"Sukkar," ta ce a hankali.

Na ce, "Inna, Hadarin Gabas sunansa."

"Wannan sunan da ɓarayi suka sa masa ne."

Ta ajiye shi a cinyarta, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, rabi Hausa rabi Larabci. Mahaifinta dillalin dawaki ne a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi a Sudan. Uwar dokin ta mutu wurin haihuwa, aka bar mata ɗan, tana 'yar shekara goma sha biyu. Da nonon akuya ta raine shi a ƙwarya. Yakan tura kai ta tagar ɗakin girki ya saci sukari, shi ya sa ta sa masa Sukkar. Da ya isa hawa, wani attajirin Kano ya aiko mutanensa suka saye shi. An san ba za ta yarda ba, sai aka aike ta kogi wanki.

"Na dawo na tarar da turke ba kowa. Ko sallama ban yi da shi ba. Kin san wanda ya ja linzamin?" Ta nuna Kawu da wuƙar. "Wannan. Bayan shekara takwas ya dawo garinmu da hularsa a karkace wai yana son aure. Na ce ina dokina? Ya ce ya mutu. Na aure shi don in rama, har yau ban gama ba."

Kawu ya ga ƙofa ta buɗe, ya yi wuf. "To ai don ke na sa aka sassaƙa shi, Zahra."

"Kazzab. Maƙaryaci. In don ni ne, me ya sa aka binne shi?"

Ta yanke hukunci a take. Ba za a yanke masa kai ba, amma ba zai hau sama ba. Za ta wanke shi, ta naɗe, ta sa a cikin akwatinta na ƙarfe, gobe kuma ta tambayi malamarsu ta masallaci hukuncin abin da ke rufe. Kawu in yana son gani, ya nemi izini.

"Sau nawa?" ya ce.

"Ya danganta da halinka."

Muka ci tuwo da miyar kukar da dokin ya yi kwana huɗu a ciki. Ta yi daɗi ƙwarai. Kawu loma uku ya yi ya ce ya ƙoshi.

Sauran kwanakin ibada muka sa a gaba. An kai mu ziyara Arfa da Muzdalifa, fili fetal ba kowa sai rana, Hajiya Talatu ta tsinci tsakuwa bakwai ta ƙulle a gefen mayafi duk da direban ya ce ba lokacinsu ba ne. A hanyar dawowa ne bakina ya suɓuce na ba ta labarin Rusaifa, kuskuren da nake girba har yau.

Ran da za mu taso, da hantsi, su biyun suka zo Aziziyya yi mini sallama. Ana loda akwatuna a bas, Inna ta shiga gaisawa da matan ɗakinmu. Kawu ya ja ni bayan motar.

"Sau ɗaya ta bar ni na gan shi, shi ma tana riƙe da shi. Ki koma wurin Ila, a yi mini wani. Ƙarami, wanda zai shiga aljihu. Kada ta ji."

Na ce, "Bayan abin da ka yi mini a kicin?"

"Tsoro ne, 'yar nan. Ke ma kin ga wuƙar."

Ya tafi neman mini ruwan sanyi. Yana ba da baya Inna ta fito, ta cusa mini ledar turaren wuta, ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Ki gaya wa mai sassaƙar nan bai iya ba. Farin ba a ƙafar gaba yake ba, a ta baya ne, ta hagu. Kuma kunnen dama yana da 'yar tsaga, inda ƙaya ta kama shi." Ta juya tana kallon masu loda kaya. "Wancan babban doki ne, na mutanen Kano. Ni ban san shi haka ba. A yi mini shi yana jariri, kai babba, ƙafafu dogaye suna rawa, kamar ran da aka miƙo mini shi. Saleh kada ya ji."

Na ga idonta ya ciko. Na buɗe baki zan yi magana, ta saki hannuna ta gyara lafayarta.

"Me kike kallo? Yalla, hau mota, za su tafi su bar ki."

Na hau na zauna ta taga. Bas ya tashi, na hange su tsaye kafaɗa da kafaɗa a bakin titi, kowanne yana ɗaga mini hannu, kowanne yana ƙyafta mini ido ta inda ɗayan ba zai gani ba.